Littafin aikina a kan lamba 2,147,483,647

3 ga Maris

Yau na buɗe sabon littafin rubutu domin aiki guda: in tabbatar da hannuna, da fensir da takarda, cewa 2,147,483,647 ba ta rabuwa daidai da kowace lamba sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobin su ake kira firam. Da baki ana faɗinta biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Asalinta kuwa, a jera 2 guda 31 a ninka su da juna, sannan a ɗebe 1. Zan riƙa rubuta wannan a taƙaice 2^31 − 1.

Amsar ba ɓoyayyiya ba ce. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da ita tun 1772, a lokacin da idanunsa suka riga suka kusan tafiya gaba ɗaya. Kwamfuta ma kafin ƙiftawar ido ta ba da ita. Amma gani ya kori ji. Na shekara da shekaru ina cin karo da wannan lamba, domin ita ce iyakar abin da kwamfuta ke iya ajiyewa a gurbi 32 na sifili da ɗaya idan an ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi, kuma ban taɓa sanin dalilin da ya sa take firam ba. An faɗa mini ne, na karɓa.

Dokokin da na kafa wa kaina: babu kalkuleta sai an kammala, kowane rabo a rubuta shi cikakke, kuma kuskure ba a goge shi, a ja masa layi kawai a bar shi a gani.

5 ga Maris

Tambayar farko: a ina zan tsaya? Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin biyun bai wuce saiwarta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. Na nemo saiwar da laluben hannu. 46,340 sau kanta ya ba ni 2,147,395,600, bai kai ba. 46,341 sau kanta ya ba ni 2,147,488,281, ya wuce. To iyakata 46,340.

Firam da ke ƙasa da wannan iyaka su 4,792 ne. Na gwada rabo ɗaya don in auna lokaci, ya ci mini minti bakwai tare da dubawa. Idan na bi su duka, sama da awa 550 ke nan. Wannan hanya ba ta ɓullewa, kuma ba ita Euler ya bi ba. Aikin na gaskiya shi ne rage yawan waɗanda za a gwada.

8 ga Maris

Kwana uku ina kan ƙa'idar masanin lissafi Fermat ta 1640, kuma yau ta zauna mini a kai.

Ga yadda na fahimce ta. A ce wata firam, mu kira ta q, tana raba 2^31 − 1. Ma'anarsa, idan kana ninka 2 kana raba sakamakon da q kana riƙe saura kawai, a ninki na 31 saura zai dawo 1. Saura yana zagaye ne kamar hannun agogo, kuma tsawon zagayen dole ya raba 31 daidai. Tun da 31 ita ma firam ce, kuma zagayen ba zai zama 1 ba, tsawonsa 31 ne cif. Fermat kuma ya ce a ninki na q − 1 saura kullum 1 ne. Ke nan 31 tana raba q − 1. Sannan q mara ce, don haka q − 1 cika ce, 2 ma tana raba ta. A haɗa su: 62 tana raba q − 1.

Duk mai raba lambata dole ya zo a siffar 62 sau wani abu, a ƙara 1.

Ban yarda ba sai da na gwada a kan 'yan uwanta da aka san sun rabu. 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 sau 89. A nan siffar 22 ce: 23 ita ce 22 da 1, 89 ita ce 88 da 1. Ta yi. Na haura zuwa 2^29 − 1, wadda ta rabu uku, 233 da 1,103 da 2,089. Na ɗebe 1 daga kowace, na raba da 58: 4, 19, 36, babu saura ko ɗaya. Na daɗe ina kallon shafin nan.

Daga 4,792 yanzu na sauko 747.

9 ga Maris

Ban yi lissafi ba. Na ja layukan teburi a shafi shida.

12 ga Maris

Kuskuren farko, kuma da ya wuce ban gani ba da duk aikin ya zama banza.

Akwai mataki na biyu na ragewa. Idan q tana raba 2^31 − 1, to tana raba ninkinta biyu, wato 2^32 − 2. Shi kuwa 2^32 ba komai ba ne illa 65,536 sau kanta. Ke nan akwai wata lamba wadda in an ninka ta da kanta aka raba da q, saura 2 ne. Ba kowace firam ke yarda da haka ba. Da 7 yana yiwuwa: 3 sau 3 tara, a raba da 7, saura 2. Da 5 ba ya yiwuwa, ko wace lamba ka ɗauko. Ƙa'idar ta danganta ne da sauran da q ke bari idan an raba ta da 8.

Ni kuma na rubuta daga ka cewa saura dole ya zama 1. Na gina jeri a kan haka, siffar 248 sau wani abu a ƙara 1, na samu 186 kacal, na yi murna, har na cika shafi biyu da su.

Da dare na ce bari in gwada a kan 2,047 kamar yadda na yi ranar 8. 89 a raba da 8, saura 1, lafiya. 23 a raba da 8, saura 7. Gabana ya faɗi. Na duba 47, wadda ke raba 2^23 − 1: saura 7. 1,103 ma saura 7. Har misalin 7 da na rubuta da hannuna a saman shafin yana ƙaryata ni, ban lura ba. Ƙa'idar ta ce saura 1 ko 7, ni na riƙe rabi na yar da rabi. Da na ci gaba a haka, zan gama rabo 186, in ga babu mai rabawa, in ce na tabbatar, alhali rabin ƙofofin ban ko taɓa su ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amsar ƙarshe za ta fito daidai, don haka babu abin da zai nuna mini hujjata ta rushe.

Gyara: lambobin siffar 62 suna tafiya 63, 125, 187, 249, saurarsu da 8 kuwa 7, 5, 3, 1, sai su sake zagayowa. Na farko da na huɗu ne ke tsayawa. Jeri biyu ke nan: 248 sau wani abu a ƙara 1, guda 186, da 248 sau wani abu a ƙara 63, guda 187. Jimla 373. Waɗannan siffofi biyu su ne Euler ya yi aiki da su.

Sabuwar doka: duk ƙa'idar da zan yi amfani da ita, sai na fara gwada ta a kan 2,047 kafin in rubuta layi ɗaya a kanta.

14 ga Maris

Tankaɗe. Cikin 373 ɗin da yawa ba firam ba ne, 63 da 249 ma da ido ake ganinsu. Na fitar da masu rabuwa da 3, suka tafi 125, saura 248. Na 5 suka kwashe 50, saura 198. Na 7 suka ɗauki 29, saura 169. Na 11 kuwa 15 kawai, saura 154.

A nan na ajiye rariyar. Kowace firam ta gaba tana fitar da kaɗan, wahalar bin layi kuma ba ta raguwa, kuma a bin layin ne ake tsallake lamba ba a sani ba. Idan wadda ba firam ba ta saura a jerin, asarar minti bakwai ce kawai. Idan firam ta fita bisa kuskure, hujja ce ta karye. Gara in yi rabo 154. Lissafina kusan awa 18.

15 ga Maris

Takwas na farko: 311, 559, 1,241, 1,303, 1,489, 2,047, 2,543, 2,729.

311 ta shiga sau 6,905,092, saura 35. Na ga 2,047 a jerin na yi mamaki, ita ce dai ma'aunin da nake gwada komai da shi. Saura 511, kuma wannan ana iya ganinsa ba tare da dogon rabo ba: zagayenta 11 ne, 31 kuwa 22 ce da 9, to saura 2^9 a ɗebe 1. Dogon rabon ya ba da 511 shi ma.

17 ga Maris

Na samu gajeriyar hanya daga kuskuren ranar 12. Maimakon in raba lamba mai alƙaluma goma, sai in raba 65,536 da q, in ninka sauran da kansa, in sake rabawa. Idan aka samu 2, q mai rabawa ce. In ba haka ba, ta fita. Da 1,489 abin ya yi daɗi: 44 sau 1,489 ya ba da 65,516, saura 20, sau kansa 400. Ba 2 ba. Rabin 400 a ɗebe 1 ya zama 199, daidai da abin da dogon rabo ya ba ni shekaranjiya.

Amma da q ta haura dubu takwas amfanin ya fara raguwa, domin sauran kansa ya zama babba, ninka shi da kansa aiki ne, sannan ga wani rabon yana jira. Na koma dogon rabo, ina fara rubuta jadawalin q daga sau 1 zuwa sau 9 a gefen shafi. Na kai na 25.

19 ga Maris

Na 41.

21 ga Maris

Na 56. Hannu ya saba, rabo ɗaya ya sauko minti biyar.

23 ga Maris

Asarar kwana biyu.

Na kai na 73, wato 21,887. Dogon rabo ya ba ni saura 17,529, kuma gwajin tara ya amince. Gwajin tara shi ne in tara alƙaluman kowane ɓangare har su koma guda, in ga ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Alƙaluman lambata sun tashi 46, 4 da 6 goma, 1 da 0 ɗaya. Sai na lura 21,887 sau 3 ya ba da 65,661, wanda ya ɗara 65,536 da 125 kawai, na ce bari in bi gajeriyar hanya don nishaɗi. 125 sau kanta 15,625. Mara ce, to na ƙara mata 21,887, na raba biyu, na ɗebe 1: 18,755.

Amsa biyu, ba su haɗu ba. Na sake dogon rabon, 17,529. Na sake gajeriyar, 18,755. Kusan awa guda ina neman kuskure a cikin ɗebewa da ninkawa, babu. Sai idona ya kai saman shafin. Na rubuta 2,147,438,647. Takwas da uku sun yi musayar wuri. Na juya baya shafi bayan shafi: tun daga na 57 nake kwafar lambar daga shafin da ya gabata, kuskuren yana bina. Rabo 17 na yi a kan lambar da ba tawa ba.

Gwajin tara ba zai taɓa kama wannan ba, domin ko yaya ka juya alƙaluma jimlarsu ɗaya ce. Na san haka tun da daɗewa, amma ban taɓa jin zafinsa ba sai yau. Gwajin goma sha ɗaya shi ke kama musaya: ka fara daga dama, ka tara ɗaya ka ɗebe na gaba, haka har ƙarshe. Lambar gaskiya ta ba da 12, wato saura 1. Gurɓatacciyar ta ba da 2.

Na rubuta lambar da manyan alƙaluma a kan kati, na jingina shi a gabana. Daga yau daga katin kaɗai zan kwafa, kuma kowane rabo zai sha gwaji biyu, tara da goma sha ɗaya, dukansu dole su dawo 1. Na kuma duba saman kowane shafi daga na 1 zuwa na 56, duk lafiya.

25 ga Maris

Na sake 17 ɗin. Babu mai rabawa.

27 ga Maris

Na 98. Fensir na uku.

29 ga Maris

Idanuna sun gaji da rabo, sai na ba yau ga dangin lambar.

Ita ce ta takwas a firam ɗin da ake kira da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya fitar da jerinsa a 1644: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita. Biyun da ke gabanta Pietro Cataldi na Italiya ne ya tabbatar da su a 1588, ke nan shekara 184 tsakaninsu da ita. Kuma 31 ɗin da ke samanta ita ma 'yar gidan ce, 2^5 − 1, don haka Mersenne ce riɓi biyu. Huɗu kawai aka sani masu irin wannan hali: 7, 127, ita, da 2^127 − 1. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya, ɗaya ce guda 31 a jere, babu sifili ko guda. Ba ta da tagwai, wato wata firam mai tazarar 2 da ita, domin in ka ɗebe mata 2 ta ƙare da 5, in ka ƙara mata 2 ta rabu da 3.

Abin da ya riƙe ni har dare shi ne murabba'i, wato lamba sau kanta. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a jimlar murabba'i huɗu. Wasu biyu sun ishe su, wasu uku. Tawa kuwa in an raba ta da 8 saura 7 ne, kuma irin waɗannan ba sa yarda da ƙasa da huɗu. Na ce bari in nemo su. Na ɗauki mafi girma, 46,340, na ɗebe murabba'inta, saura 88,047. Na yi ta neman uku da za su cike shi, ban samu ba, sai na raba 88,047 da 8: saura 7. Ita ma huɗu take buƙata, ashe ƙofar a rufe take tun farko. Na sauka mataki ɗaya zuwa 46,339, murabba'inta 2,147,302,921, saura 180,726. 425 sau kanta 180,625, saura 101. Ɗari da ɗaya kuwa goma sau goma ne da ɗaya sau ɗaya. To 46,339 da 425 da 10 da 1. Na tara su sau biyu don in tabbata, sun dawo da lambata daidai.

31 ga Maris

Na 127.

2 ga Afrilu

Na gama. Ta ƙarshe a jerin 46,129 ce: ta shiga sau 46,553, saura 40,310, gwaji biyu duk sun dawo 1. Daga baya na gano ita ma ba firam ba ce, 163 sau 283 ce, ɗaya daga cikin waɗanda rariyata ta bari.

Rabo 154, ko ɗaya bai ƙare da sifili ba. 2,147,483,647 firam ce, kuma yanzu zan iya nuna wa mutum shafin da kowane mataki yake. Abin da aikin ya ci: awa 23 a kan rabo, har da waɗanda na sake, kusan awa 15 a kan ƙa'idoji da tankaɗe, shafi 61, fensir huɗu.

Abin da nake so in riƙe shi ne, rabon ba shi ne hujjar ba. Hujjar tana shafukan 8 da 12 ga Maris, inda 4,792 suka koma 373. Sauran haƙuri ne.

6 ga Afrilu

Ina son shaida ta biyu daga wata hanya dabam, wadda ba ta dogara da jerina ba. Gwajin Lucas da Lehmer ke nan. Édouard Lucas da irinsa ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876, mai alƙaluma 39, Derrick Lehmer kuma ya daidaita shi a shekarun 1930. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka maimaita. Ga 2^31 − 1 sau 29 ake yi. In aka ƙare da sifili, firam ce.

Na gwada da 31: 4, 14, sai 194 wanda saurarsa 8, sai 62 wanda saurarsa sifili. Na gwada da 2,047 bisa dokata, ya ƙare da 1,736, ya ƙi ta, kamar yadda ya kamata.

Da babbar, matakai huɗun farko sun zo da sauƙi: 14, 194, 37,634, 1,416,317,954. Na biyar ya buƙaci ninka alƙaluma goma da goma, sakamakon alƙaluma 19, sannan rabo. Awa ɗaya da rabi, na samu 669,670,838. Saura 24 irinsa, kuma a nan kuskure ɗaya yana lalata duk abin da ke bayansa, ba kamar rabo ba inda kowane yake zaman kansa. Tun da aikin hannu ya riga ya kammala, na buɗe kwamfuta na rubuta layi biyar. Mataki na biyar ya yi daidai da nawa. Na 29 sifili.

Na 28 ne ya sa na miƙe tsaye: 65,536. Lambar da na yi ta rabawa tun 17 ga Maris. Dalilin a fili yake da na zauna na duba, domin 65,536 sau kanta a ɗebe 2 shi ne ninkin lambata biyu. Da wannan gwajin dai ake tabbatar da sababbin firam ɗin Mersenne har yau a GIMPS, taron masu sa kai da ya fara a 1996, wanda a Oktoban 2024 ya gano 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320.

9 ga Afrilu

Na ninka lambata da 2^30, wato 1,073,741,824, da hannu: 2,305,843,008,139,952,128. Kammalalliyar lamba ce, irin wadda in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta za su dawo maka da ita, kamar 6 da 28. Ita ce ta takwas. Euclid ya nuna wannan ninki kullum yana ba da kammalalliya, Euler kuma ya nuna duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanyar take zuwa.

Mataki na gaba yana kan maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646. Na riga na farfasa ta: 2 sau 9 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331. Ina so in tabbatar cewa ninke-ninken 7 suna zagaya duk saura daga 1 har zuwa wannan lamba kafin su dawo 1, wanda shi ne tushen amfani da 16,807, wato 7^5, a wata tsohuwar hanyar kwamfuta ta fitar da lambobi kamar ta hanyar ƙuri'a. Gwaji bakwai ake buƙata, ɗaya ga kowace firam da ke cikinta. Wannan da kwamfuta zan yi, amma sai na fara da hannu a kan 31 da 127. Zan fara ranar 12, in sha Allahu, a sabon littafi, da sabon kati.